Ina ɗan tsako yake samo sukari a cikin ƙwai?

Yau tambayar da na zo da ita ƙarama ce, amma ta daɗe tana wahalar da masana. Sukarin da ke cikin ƙwan kaza bai kai kashi 1 cikin 100 ba. To da me ɗan tsako yake rayuwa har kwana 21?

Aristotle ne ya fara bin abin a tsanake, sama da shekara 2,300 da suka wuce. Yana fasa ƙwai rana bayan rana, har ya ga ɗigon jini yana bugawa a kwana na uku, wato zuciya ke nan. Malpighi ɗan Italiya ya zana matakan girman da madubin ƙara girma a 1673. Duk dai siffa suke kallo, ba abinci ba.

A 1857 Claude Bernard na Faransa ya ware gilaikojin daga hanta, wato sukarin da jiki yake ajiyewa don ranar buƙata. Joseph Needham na Ingila kuma a 1931 ya ce tayin yana fara ƙona sukari ne, sai furotin, sai kitse. Lallai mafi yawan ƙarfinsa daga kitsen gwaiduwa yake fitowa.

Amma ni inda abin ya fi burge ni shi ne kwanakin ƙarshe. Lokacin fasa ɓawo iskar shaƙa tana ƙaranci, kitse kuwa ba ya ƙonuwa sai da ita. Dole tsokar bayan wuyansa ta koma kan sukari. Shi ya sa tun kafin ranar hantarsa take ƙera gulukos daga furotin ɗin farin ƙwai tana tarawa. Ɗaya daga cikin sinadaran da ke wannan aiki, PEPCK, a hantar kaza Merton Utter ya gano shi wajen 1953. Bayan an karanta kundin ƙwayoyin gadon kaza a 2004, sai aka samu sauƙin bin waɗanne ke kunnuwa a wace rana.

Masu injin ƙyanƙyasa, wannan naku ne. Idan zafi ya yi yawa a makon ƙarshe, ajiyar tana ƙarewa da wuri. Tsakon zai huda ɓawo, ƙarfi ya yanke masa, ya mutu a ciki.