Tarihin Ginuwar Tsarin Wayar Salula na GSM da Asalin Sassansa

1.0 Gabatarwa

Kalmar "salula" ta daɗe da samun gindin zama a Hausa, har ba a cika tambayar daga ina ta fito ba. Haka ma "layi" da "sim" da "sabis". Kowace ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi tana nuni ne ga wani sashe na wani gagarumin gini da ba a gani da ido, wanda kuma bai faɗo daga sama ba. Wannan maƙala za ta bi diddigin tsarin wayar salula na dijital da aka fi sani da GSM, domin ta nuna cewa kowane sashe nasa amsa ce ga wata matsala da ta taso a wani wuri, a wani lokaci. Babbar matsalar kuwa ita ce yadda za a san mutum, a kuma riske shi da kira, alhali ba ya zaune wuri ɗaya.

2.0 Asalin Tunanin Gunduma

Wayar mota ta farko da aka buɗe wa jama'a ta fara aiki ne a birnin St. Louis na Amurka a 1946. Eriya guda mai ƙarfi ce take ɗaukar birnin baki ɗaya, saboda haka mutane ƙalilan ne ke iya magana a lokaci guda, domin mitocin rediyo abu ne mai iyaka. A 1947, wani injiniya na cibiyar binciken Bell mai suna D. H. Ring ya ba da shawarar a yanka gari zuwa ƙananan gundumomi masu kama da ɗakunan saƙar zuma, kowace da ƙaramar eriyarta. Tun da muryar ƙaramar eriya ba ta zuwa da nisa, ana iya sake amfani da mitar da ta riƙe a wata gunduma da ke can gaba. Daga sunan wannan ɗaki a Turanci ne Hausa ta samo "salula".

Sai dai tunanin ya riga zamaninsa. Dole a sami na'urar da za ta miƙa kira daga gunduma zuwa gunduma ba tare da ya yanke ba, wannan kuwa sai da kwamfuta ta kankama. Japan ce ta fara buɗe irin wannan tsari ga jama'a a Tokiyo a 1979. Tsarin NMT na ƙasashen arewacin Turai ya biyo baya a 1981, kuma a Saudiyya ma ya fara aiki kafin ƙasashen da suka ƙera shi. Amurka ta buɗe nata, wato AMPS, a Shikago a 1983.

3.0 Rarrabuwar Turai da Yarjejeniyar 1987

Zuwa tsakiyar shekarun 1980, Turai ta zama kowa da kiwon da ya karɓe shi. Birtaniya tana da TACS, Jamus ta Yamma tana da C-Netz, Faransa tana da Radiocom 2000, Italiya ma da nata. Wayar da aka saya a Faris takan zama kurma da zarar ta ƙetara iyaka. Kasuwar kowace ƙasa ƙarama ce, don haka na'urorin suka yi tsada. Daɗin daɗawa, duk tsarukan na analog ne: mai rediyon laluben mitoci yana iya sauraron hirar mutane, ɓarawo kuma yana iya kwafar lambar wata waya ya yi ta kira ana caje wa mai ita.

A 1982, ƙungiyar hukumomin gidan waya da sadarwa ta Turai, wato CEPT, ta kafa wani kwamiti da aka raɗa wa suna da Faransanci Groupe Spécial Mobile, ƙarƙashin shugabancin Thomas Haug. Daga nan haruffan GSM suka fito. An yi ja-in-ja mai tsanani kan fasahar rediyon da za a ɗauka, domin kowace ƙasa tana son kamfanoninta su ci gajiya. A 1986 aka gwada samfura takwas a Faris, inda wani samfuri daga birnin Trondheim na Norwe, wanda Torleiv Maseng da Odd Trandem suka haɗa, ya yi zarra. A 1987 aka cimma matsaya kan ginshiƙan tsarin, Tarayyar Tattalin Arzikin Turai ta keɓe masa mitoci a yankin megahaz 900, sannan ranar 7 ga Satumba wakilai daga ƙasashe 13 suka rattaba hannu a Kofanhegen cewa za su buɗe tsarin a 1991. A 1989 aikin ya koma hannun sabuwar hukumar daidaita ƙa'idoji ta ETSI. Ranar 1 ga Yuli 1991, Harri Holkeri, tsohon firayim ministan Finlan, ya yi kiran da aka ɗauka a matsayin na farko, a kan layin kamfanin Radiolinja.

4.0 Sassan Tsarin

4.1 Waya da Sim

A mafi yawan tsarukan analog, waya da mai ita abu ɗaya ne, domin lambar mutum tana cikin jikin na'urar. Masu tsara GSM sai suka raba su. Na'urar tana da lambarta ta ƙira mai alƙaluma 15, wato IMEI. Mai waya kuma yana da tasa lambar ta asali, wato IMSI, wadda ke cikin ɗan katin sim tare da wani mabuɗin sirri. Alƙaluma uku na farkon IMSI suna nuna ƙasa: 621 ta Nijeriya ce, 614 ta Nijar. Kamfanin Giesecke & Devrient na Jamus ne ya ƙera sim na farko a 1991, kuma girmansa ya kai na katin banki. Ta wannan rabuwa, mutum ya sami damar sauya na'ura ba tare da ya sauya suna ba, masu ƙera waya kuma suka shiga gasa a kasuwa guda.

4.2 Tashar Eriya da Mai Kula da Tashoshi

Tashar eriya, wadda ake taƙaita sunanta da BTS, ita ce turken da ake gani a unguwanni, kuma da ita waya ke magana kai tsaye. Samun siginarta shi ake kira "sabis". A tsarin farko, waya tana aikawa a kan megahaz 890 zuwa 915, tasha kuma tana amsawa a kan 935 zuwa 960. An tsaga wannan fili zuwa hanyoyi 124, kowace hanya kuma aka raba lokacinta gida takwas. Ke nan wayoyi takwas suna iya karɓa-karɓa a kan mita ɗaya. Ana mayar da murya lambobi, a matse ta, kowace waya ta jefa rabonta cikin abin da bai kai milisakan ɗaya ba, sannan ta saurara har zagayen ya dawo kanta bayan milisakan 4.615. Kunne ba ya jin wannan tsinkewa. Wayar da ke nesa dole ta yi sammakon aikawa domin saƙonta ya faɗa gurbinsa daidai, kuma iyakar wannan sammako ce ta sa gundumar GSM ta asali ba ta wuce nisan kilomita 35 daga eriya.

A bayan tashoshi akwai na'urar da ke kula da su, wato BSC, wadda ke riƙe da tashoshi da dama. Yayin da ake magana, waya tana auna ƙarfin tashoshin da ke maƙwabtaka tana kai rahoto. Idan matafiyi ya fara yi wa tasharsa nisa, mai kula da tashoshi ne ke ba da umarnin a miƙa kiran ga ta gaba. A nan ne GSM ke warware matsalar da ta tsayar da shawarar 1947.

4.3 Cibiyar Sada Kira da Rajistoci Biyu

Cibiyar sada kira, wato MSC, jikanyar ma'aikatar musayar wayar tarho ce. Ita ke haɗa kira, ta tsinke shi, ta rubuta tsawonsa domin lissafin kuɗi, ta kuma haɗa salula da wayoyin girke. Bambancin shi ne, wayar girke tana ƙarshen igiya ɗaya da aka sani, mai salula kuwa yau yana nan gobe yana can. Domin haka aka kafa rajistoci biyu. Rajistar gida, wato HLR, tana ɗauke da bayanin dindindin na kowane mai layi, tare da labarin yankin da yake a halin yanzu. Rajistar baƙi, wato VLR, tana tare da kowace cibiya, tana riƙe da bayanin wucin gadi na duk wanda ya sauka a yankinta.

Lamarin ya yi kama da na falke da fatomansa. Idan ɗan kasuwar Kano ya sauka a wani zango, mai masauki ne ya san ɗakin da yake kwana, gida kuma sun san a hannun wane mai masauki yake. Haka kira ke tafiya. Idan aka buga lambar mutumin Kano da ke Fatakwal, za a fara tambayar rajistar gidansa. Ita kuma ta tuntuɓi rajistar baƙi ta inda ya sauka, a ba ta lambar wucin gadi da za a bi. Daga nan tashoshin wannan yanki su yi shelar nemansa, wayarsa ta amsa, ta yi ƙara. Wannan dabara ce ta ba da damar ƙetara iyaka da layi ɗaya, wanda shi ne ainihin abin da Turai ta nema. A 1992 aka ƙulla yarjejeniyar baƙunci ta farko tsakanin Telecom Finland da Vodafone na Birtaniya.

4.4 Tantancewa da Sirri

Maganin satar lamba shi ne cibiyar tantancewa, wato AuC, wadda ke ajiye kwafin mabuɗin sirrin kowane sim. Ba a taɓa aika mabuɗin ta iska. Sai dai a aika wa sim wata lamba ta ba-zata, ya sarrafa ta da mabuɗinsa ya mayar da amsa, a gwada da amsar da cibiya ta lissafa. Daga wannan lissafi ake fitar da wani mabuɗin da ke rufe hirar tsakanin waya da tasha. Akwai kuma rajistar na'urori, wato EIR, wadda aka yi domin a iya toshe wayar da aka sace.

Duk da haka, ginin ya zo da ɓarakar zamaninsa. Cibiya tana tantance waya, amma waya ba ta tantance cibiya, saboda haka tashar jabu tana iya yaudararta. Sai a tsarin 3G aka gyara wannan. An kuma raunana wani nau'in makullin hirar, wato A5/2, da gangan domin ƙasashen da ake sayar wa fasahar. Harshen da cibiyoyi ke magana da juna, wato SS7, an gina shi ne bisa amana tsakanin 'yan tsirarun hukumomin gwamnati, kuma a 2014 masu bincike a Jamus suka nuna a bainar jama'a yadda ake bi ta nan a gano inda mutum yake.

4.5 Gajeren Saƙo

Hanyoyin da tsarin ke aika umarninsa sukan zauna ba aiki na wani lokaci. Tun 1984 Friedhelm Hillebrand na Jamus da Bernard Ghillebaert na Faransa suka kawo shawarar a riƙa cusa gajeren rubutu a cikinsu. Ƙarancin gurbin ne ya taƙaita saƙon a kan haruffa 160. An aika na farko a Birtaniya ranar 3 ga Disamba 1992. Jerin haruffan asali na GSM bai ƙunshi ɓ da ɗ da ƙ ba. Sanya ɗaya daga cikinsu yakan mayar da saƙo ga wani tsarin haruffa da ke ɗaukar 70 kacal, abin da ya ƙara wa marubuta Hausa dalilin jefar da ƙugiya.

5.0 Bazuwa da Zuwansa Nijeriya

Abin da aka ɗinka wa Turai sai ya dace da jikin wasu. Ostireliya ta buɗe nata a 1993, Afirka ta Kudu a 1994. Tun da sim ne ke ɗauke da mutum, kuma cibiya tana iya duba asusunsa kafin ta haɗa kira, sai aka samar da tsarin biya-kafin-kira, wanda ya bazu daga Fotugal da Italiya da Afirka ta Kudu a tsakiyar shekarun 1990. A wancan lokaci ba a bukatar adireshi ko asusun banki.

A Nijeriya, inda layukan NITEL masu aiki ba su kai rabin miliyan ba a ƙarshen ƙarnin da ya shuɗe, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1992, ta yi gwanjon lasisi a Janairun 2001 a kan dala miliyan 285 kowane ɗaya. Econet da MTN suka fara aiki a watan Agusta na wannan shekara, Globacom kuma ya shigo a 2003 da cajin sakan-sakan. Sashen da ya fi shan wuya a nan shi ne tashar eriya, wadda masu tsarawa suka ɗauka tana da wutar lantarki a kullum, amma ta dogara ga janareta da man gas. Rashin suna a kan sim, wanda ya sauƙaƙa bazuwar, shi ne kuma ya jawo rajistar sim a 2011 da umarnin haɗa shi da lambar ɗan ƙasa a Disambar 2020.

6.0 Kammalawa

Ginin ya ci gaba da sauyawa. Wajen shekarar 2000 aka ƙara masa sassan GPRS domin ɗaukar bayanan intanet. Tsarin 4G ya kawar da mai kula da tashoshi, ya mayar da aikinsa cikin tashar kanta. Singafo ta rufe 2G baki ɗaya a 2017. Amma abubuwa biyu sun wanzu har cikin 5G, ko da sunayensu sun sauya: sim mai riƙe da mabuɗin sirri, da rajistar gida mai sanin inda kowa ya sauka. Hausa ma ta adana wannan tarihi. A da, "layi" igiyar tarho ce da aka ja daga ma'aikata zuwa gida. A yau, idan Bahaushe ya ce an rufe masa layi, ba igiya aka tsinke ba, bayaninsa ne aka toshe a rajistar gida.