Awa Uku da Suka Jefa Mutum Miliyan 50 Cikin Duhu

Ranar Alhamis 14 ga Agustan 2003 an yi zafi a jihar Ohio ta Amurka, amma ba zafin da ya wuce misali ba. Kafin ƙarfe 4:15 na yamma, mutum kusan miliyan 50 a jihohi takwas na Amurka da lardin Ontario na Kanada sun rasa wutar lantarki. Jiragen ƙasa na birnin New York suka tsaya cak a cikin rami da fasinjojinsu, famfunan da ke tura ruwa a Cleveland suka mutu, Detroit da Toronto suka kwana a duhu. Kusan megawat 61,800 ne suka salwanta, tashoshin samar da wuta 265 suka tsaya.

Ba wannan ne karon farko ba. A 9 ga Nuwamban 1965 wata na'urar kariya da aka saita ba daidai ba a tashar Sir Adam Beck, kusa da Niagara, ta katse layi ɗaya, sauran suka bi, mutum miliyan 30 suka shiga duhu. Abin da ya haifar da hukumar NERC ke nan a 1968, don tsara ƙa'idojin tsaron babban layin wuta. Sai dai a lokacin ƙa'idojin na ganin dama ne: kamfanin da ya karya, ba mai cin tararsa.

Wutar da ke kan babban layi ba ta jira. Abin da tashoshi suka samar a wannan daƙiƙa shi ake sha a wannan daƙiƙa. Kuma layukan tamkar ayarin jakai ne: in ɗaya ya durƙushe, kayansa kan sauran za a ɗora, ko sun shirya ko ba su shirya ba. Aikin injiniyan da ke zaune a ɗakin kula shi ne ya tabbata, dare da rana, cewa duk layin da ya faɗi, sauran za su iya ɗauka.

A ranar 14 ga Agustan 2003 ɗin, da ƙarfe 1:31 wani injin samar da wuta a tashar Eastlake da ke Ohio ya mutu. Wannan ba wani abin tashin hankali ba ne. Masifar ta shigo ne da ƙarfe 2:14, lokacin da manhajar ƙararrawa a ɗakin kula na kamfanin FirstEnergy ta sandare saboda wani aibi da ke ɓoye a cikinta. Ba ta yi ƙara ba, ba ta kuma sanar cewa ta daina aiki ba. Masu gyaran kwamfuta sun ga matsala, sun kashe sun kunna, amma ba su leƙa ɗakin kula sun faɗa ba. Injiniyoyin da ke bakin aiki suka ɗauki shirun a matsayin lafiya lau. Da takwarorinsu na kamfanin AEP suka bugo waya cewa wani layi ya katse ya dawo, sai aka amsa musu cewa a nan ba a ga komai ba.

Akwai kuma cibiyar MISO, wadda ya kamata ta zama ido na biyu. A can wani ma'aikaci ya gyara manhajar da ke lissafa halin da layuka ke ciki, ya manta bai mayar da ita kan aiki da kanta ba, ya tafi cin abincin rana.

Waya in ta ɗauki wuta da yawa takan yi zafi, ta saki, ta sauko ƙasa. Da ƙarfe 3:05 layin Harding zuwa Chamberlin, mai ƙarfin kilobolt 345, ya taɓa bishiyar da aka bari ta yi tsayi, ya katse, alhali bai ɗauki ko rabin ƙarfinsa ba. Da 3:32 na Hanna zuwa Juniper ya bi sahu, a kan idon masu saran bishiya da ke aiki a kusa. Da 3:41 na uku ya tafi. Kaya ya koma kan ƙananan layuka, suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya.

A nan ne, a ganina, labarin ya fi ciwo. Kwamitin binciken Amurka da Kanada, wanda ya fitar da rahotonsa a Afrilun 2004, ya nuna cewa da an yanke wa yankin Cleveland da Akron wutar megawat 1,500 da gangan kafin ƙarfe huɗu ta gota, da abin ya tsaya a nan. Amma wa zai ɗauke wa gari guda wuta alhali allonsa bai nuna masa komai ba? Wajen ƙarfe 4:06 layin Sammis zuwa Star ya katse, domin na'urar kariyarsa ta ɗauki yawan kaya a matsayin haɗuwar waya. Daga nan abin ya fi ƙarfin hannun mutum, cikin kusan minti bakwai ya gama yaɗuwa. Lardin Quebec ya tsira, saboda layukansa ba sa tafiya kafaɗa da kafaɗa da na maƙwabtansa. Wasu wuraren a Amurka sai da suka yi kwana huɗu kafin wuta ta dawo.

Dokar makamashi ta Amurka ta 2005 ta mayar da ƙa'idojin tilas, suka fara aiki a Yunin 2007, da tarar da kan kai dala miliyan ɗaya a kowace rana. Datse bishiya a ƙarƙashin manyan layuka ya shiga cikin doka, horon masu kula ya ƙaru, har da gwajin yanayin gaggawa a kwamfuta. Daga cikin shawarwari 46 na kwamitin kuwa akwai wadda ta nemi a kare duk ma'aikacin da ya ɗauke wa jama'a wuta bisa ƙa'ida don ceton layi, kada a kai shi kotu, kada kuma shugabanninsa su huce a kansa.