Sama, Aljanna, Firdausi: Sunayen Makoma a Bakin Kirista Bahaushe

Duk wanda ya san Dutsi, ƙaramar hukumar nan da ke tsakanin Mashi da Daura a arewacin jihar Katsina, ya san ƙasar Musulmi ce gaba da baya. Kiristan da za ka gamu da shi a can galibi aiki ne ya kawo shi: malamin makaranta, ɗan sanda, ma'aikaciyar asibiti, ɗan bautar ƙasa, ko mai shagon kayan gyaran babur. Wanda aka tura ƙauye, nesa da inda 'yan uwansa ke taruwa, yakan yi sujadar Lahadinsa a ɗaki. Ga Littafi Mai Tsarki mai baƙin bango wanda gefensa ya lanƙwashe don yawan buɗawa, ga Littafin Waƙoƙi, ga waya tana rera waƙar zumuntar mata a hankali don kada a dami maƙwabci. Babu fasto, babu ganga, babu tiren baiko. Abin da ya rage masa shi ne kalmomin da yake kiran Ubangijinsa da su, da sunan wurin da yake begen zuwa. In da Hausa yake addu'a, kalmomin nan suna da tarihi mai tsawo, domin harshen ya shafe ɗaruruwan shekaru a hannun malaman Musulunci kafin a fara rubuta bishara da shi.

Wanda ya fara zaman tantance kalmomin wani Bajamushe ne ɗan mishan, James Frederick Schön, kuma bai yi aikin shi kaɗai ba. Ya dogara da wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu, haifaffen yankin Kance a ƙasar Damagaram, ƙetaren iyaka kaɗan daga Daura. An kama shi bawa yana ƙarami, ya sami 'yanci, ya bi matafiyin nan Heinrich Barth zuwa Ingila a 1855. Daga 1857 aka fara buga sassan Littafin da Hausa. Cikakkiyar fassara ba ta fito ba sai 1932, bayan aikin Dakta Walter Miller na Zariya da abokansa, sannan aka yi sabuwa a 1979. Kowane rukuni na masu fassara ya tarar da matsala guda: Hausa ta riga ta mallaki sunayen lahira, kuma kowane suna yana ɗauke da ma'anar da masallaci da makarantar allo suka ba shi.

Mu fara da aljanna. Asalinta Larabci ne, ma'anarta lambu, wuri mai inuwa da ƙoramu. Ga mutumin da ya san zafin bazarar Daura, ba a bukatar dogon bayani kan dalilin da ya sa lambu ya zama sunan hutu na har abada. Kirista Bahaushe yana faɗin aljanna a hirarsa ta yau da kullum kamar kowa. Amma masu fassara sun yi taka-tsantsan da ita. Wurin da aka ajiye Adamu da Hawwa'u tun farko, wanda Musulmi ke kira aljanna, su gona suka kira shi, gonar Aidan, domin a labarin Littafin Farawa wuri ne a doron ƙasa da aka ba mutum ya nome, ya kuma kula da shi. Da sun ce aljanna, da mai karatu ya ɗaga kai sama, alhali labarin ƙasa yake nunawa.

Sai Firdausi. Wannan kalma ta yi tafiya mai nisa. Tushenta tsohon harshen Farisa ne, inda take nufin lambun sarki da aka kewaye da katanga. Helenawa suka ara, Larabawa ma suka samu, ta shigo Hausa ta hanyar Alƙur'ani, har ta zama sunan yanka na 'ya'ya mata. A wurin Musulmi ita ce ƙololuwar aljanna. A Sabon Alkawari kuwa sau 3 kacal kalmar ta zo: a Luka, da wasiƙar Bulus ta biyu ga Korantiyawa, da Wahayin Yahaya. Ta Luka ce ta fi zama a zukatan masu bi. Labari ne na ɗan fashin da aka gicciye kusa da Yesu, ya roƙi a tuna da shi, aka yi masa alkawarin Firdausi a ranar nan. Mutumin bai yi baftisma ba, bai taɓa zama a bencin sujada ba, sunansa ba ya cikin rajistar kowa. Shi ya sa duk Kiristan da ke nesa da taro, ko wanda ciwo ya kwantar, ko wanda ke ɓoye abin da ya gaskata saboda dangi, yake riƙe wannan labari da hannu biyu.

Kalmar da ta fi yawa a wa'azi da waƙa ita ce sama. Ita ma daga Larabci take, tsohuwar tamu ita ce bisa, sai dai ta daɗe a baki har ta zama 'yar gida: ruwan sama, jirgin sama, gidan sama. A bishararsa, Matiyu ya yi amfani da Mulkin Sama fiye da sau 30, inda Markus da Luka ke cewa Mulkin Allah. Masana da dama sun ce dalili shi ne Yahudawa suna jin nauyin ambaton sunan Allah kai tsaye, sai su ambaci mazauninsa. Bahaushe bai bukatar a koya masa wannan. A Daura in aka ce fada ta kira ka, kowa ya san ba soro da zaure ne suka yi kiran ba. Haka in wanda aka zalunta ya ce ya bar shi da Mai Sama. Saboda haka in Kirista ya ce yana marmarin sama, Mai wurin yake nufi kafin wurin. Kada kuma a ɗauka wannan na Kirista ne kaɗai, domin malaman Sunna sun daɗe suna karantar da cewa ganin Allah ya fi dukkan ni'imomin aljanna. Bambancin yana ga wanda ake sa ran tararwa a can, da kuma hanyar isa, wadda Kirista ke cewa Almasihu ne.

Daga sama sai gida, kuma a nan ne begen ya fi fitowa fili. In mai bi ya rasu za ka ji ana cewa ya tafi gida, ko ya huta, ko ya yi barci cikin Ubangiji. Madogararsu ita ce sura ta 14 a Bisharar Yahaya, inda Yesu ya siffanta makoma da gidan Uba mai ɗakuna da yawa, da wasiƙar Ibraniyawa da ta kira masu bi baƙi a duniya. Wannan bai yi wa kunnen Bahaushe nauyi ba, don tun can yana cewa wane ya riga mu gidan gaskiya, yana kuma cewa baƙo raɓa ne. Wata dattijuwa in ta je gaisuwar mutuwa gidan maƙwabciyarta Kirista takan ce, "Sannu Maman yara, sai haƙuri, duk can za mu." Ita kuma ta amsa, "Haka ne Inna, gida ya tafi." Kowace da abin da take nufi, amma sun fahimci juna. Abin lura kuma shi ne ƙarshen Littafin bai tsaya ga rai ya tashi sama ba. Ya ƙare da tashin matattu, da sabuwar sama da sabuwar ƙasa, da birnin Sabuwar Urushalima yana saukowa wurin mutane. Don haka ne rai madawwami, ko rai na har abada kamar yadda tsofaffi suka saba faɗa, ya fi lahira yawa a bakinsu.

To, da me ake riƙe wannan bege? Musulmi zai ce imani, Kirista ya ce bangaskiya. Imani Balarabiya ce, kuma a Hausar titi ta ƙara wata ma'ana, wato tausayi, shi ya sa ake ce wa mugu marar imani. Bangaskiya kuwa ginin gida ce, irin ginin ban kwana, ban girma, ban haƙuri da ban ruwa. Ban yana nufin bayarwa. Mai bangaskiya shi ne wanda ya ba da gaskiya ga wani, ya yarda cewa abin da wancan ya faɗa haka yake. Aiki ne da mutum ke yi da kansa, ba a yi masa wakilci, ba a kuma gadonsa kamar gona. Daga nan masu wa'azi suka sami bakin rarrabe mai bi da wanda suke kira Kirista na suna, wato wanda ke cika benci ran Lahadi amma zuciyarsa tana wani wuri.

Wurin taron ma sunansa ba ɗaya ba ne. Coci daga Turanci take, ita ce ta bakin kowa. Majami'a daga Larabci, wurin jama'a ke nan, kuma a cikin Littafin ita ce sunan wurin taron Yahudawa. Ikilisiya daga Helenanci, ma'anarta taron mutanen da aka kira, kuma tun asali mutane take nufi, don masu bi na farko a gidajen juna suke haɗuwa. Ita ce ta shiga sunayen manyan ƙungiyoyi, kamar Tarayyar Ekklisiyoyin Kristi a Nijeriya, wadda aka kafa a 1955, da Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya. A masarautun Arewa kuwa ginin coci ya zo a makare. Bayan alkawarin da Gwamna Lugga ya yi a Sakkwato a 1903 cewa gwamnati ba za ta taɓa addinin Musulunci ba, Turawan mulki sun daɗe suna taƙaita shigar 'yan mishan. Ƙofar da ta buɗe musu a Katsina a shekarun 1930 ta jinyar kutare ce, a Babbar Ruga. Wasu kuma ta rediyo suka ji bishara, musamman Muryar Bishara da ke watsowa daga Addis Ababa tun 1963 har gwamnatin sojan can ta ƙwace tashar a 1977. Katolika ba su sami dayosis ta Katsina ba sai 2023, da Bishop Gerald Mamman Musa a kanta. Ke nan shekara da shekaru akwai mai bi a wurare da yawa kafin a sami ginin da za a nuna.

Sunan mutanen kansu ya sha juyi. Nasara ita ce ta Alƙur'ani, ana danganta ta da garin Nazarat, amma da Turawa suka ci ƙasa sai ta koma sunan farar fata da mulkinsa, har ake cewa zamanin Nasara. Bahaushen da aka kira da ita sai ya ji an fitar da shi daga danginsa. Kirista ta fi daɗewa fiye da yadda ake zato, don a birnin Antakiya aka fara kiran almajiran Yesu da ita, amma a kunnen mutanen karkarar Arewa ta yi kama da sunan baƙo daga Kudu. Wannan ne ya sa Hausawa da Fulani da Barebari masu bi suka zaɓi Masihiyawa, daga Almasihu, suka kafa Tarayyar Masihiyawan Nijeriya. Fassarar 1979 ma ta bi wannan hanya, ta sa Almasihu inda ta 1932 ke cewa Kristi. Da yawa daga cikinsu, musamman a yankin Malumfashi da Kafur, jikokin Maguzawa ne, Hausawa tun kaka da kakanni.

Akwai kuma suna guda da ya girme duk wata mishan a ƙasar Hausa, wato Isawa. A tsakiyar ƙarni na 19, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wani Malam Ibrahim ya dukufa kan ayoyin Alƙur'ani da ke maganar Annabi Isa, har ya ɗaukaka shi fiye da yadda sauran malamai suka yarda, ya kuma tara almajirai. Aka kashe shi a kasuwar Kano, mabiyansa suka watse, wasu suka nufi ƙasar Ningi. Ba su da Linjila a hannu, ba su da coci, ba su taɓa ganin fasto ba, kuma masana tarihi suna ganin sun fi kusa da wata ƙungiya a cikin Musulunci. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka iske Miller a Zariya, aka zaunar da su a Gimi, ciwon barci ya yi musu ɓarna, waɗanda suka tsira suka zama cikin tushen jama'ar Wusasa, inda aka gina majami'ar ƙasa irin ginin Hausa a 1929. Sunan Isawa yana tuna mana wata muhawara da ba ta mutu ba har yau: Isa za a ce, kamar yadda maƙwabta suka sani, ko Yesu, kamar yadda yake a Littafin? Galibin masu bi Yesu suke cewa a sujada, su ce Isa in suna hira da abokansu Musulmi.

In aka jera sunayen nan, abu biyu ne ke fitowa. Na farko, rumbu ɗaya Musulmi da Kirista Hausawa ke ɗiba: Allah, Ubangiji, addu'a, tuba, alheri, albarka, Firdausi, duk na kowa ne, ko da yake ma'ana takan raba hanya, kuma ba laifi ba ne a faɗi inda ta raba. Na biyu, sunayen da aka laƙaba daga waje, irin su Nasara da ɗan mishan, gini da baƙo suke nunawa, amma waɗanda mutanen suka riƙe wa kansu, bangaskiya da mai bi da gida, zuciya suke nunawa. Mai karatu, in kana son sanin abin da maƙwabcinka ya gaskata, tambaye shi sunan da yake kiran kansa da shi da abin da yake nufi, ka kuma kira shi da sunan. Ɗalibanmu na sashen Hausa a jami'o'in Katsina da Kano da Zariya kuwa, ga aiki nan yana jiransu: su je Wusasa da Malumfashi da Kafur su naɗi maganar tsofaffin masu bi, tun waɗanda suka yi karatu da fassarar 1932 suna raye.