Daga Adashi Zuwa Mata Masu Dubara: Tarihin Wata Hanyar Taimakon Kai

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun wata hanyar tanadi da ƙungiyoyin sa-kai suka yaɗa a duniya, domin a nuna cewa tushenta yana cikin al'adar adashi.

Ra'ayoyin Masana

Adashi tsari ne da jama'a kan zuba kuɗi a lokaci ƙayyadadde, kowa ya kwashe idan zagaye ya zo kansa. Bascom (1952) ya yi nazarin irinsa a tsakanin Yarbawa, inda ake kiransa esusu. Geertz (1962) kuwa ya ɗauke shi a matsayin matakala ta tsakiya, wadda al'umma za ta bari da zarar bankuna sun kafu. Abin da ya biyo baya bai gaskata wannan hasashe ba.

Abin da Ya Faru a Maraɗi

A shekarar 1991 ƙungiyar CARE ta fara wani shiri da matan karkara a yankin Maraɗi na Jamhuriyar Nijar, bisa jagorancin Moira Eknes, 'yar ƙasar Norway. An raɗa masa suna Mata Masu Dubara. (Dubara ita ce dabara a bakin mutanen yankin.) Ba a kawo wa matan jari daga waje ba. Gyaran da aka yi wa adashi shi ne, maimakon mace ɗaya ta kwashe zubin mako, sai a tara shi a asusu, a riƙa bai wa membobi rance su mayar da ɗan ƙari, a ƙarshen zango kuma a raba uwa da riba. Ta haka mace kan sami kuɗi ranar da buƙata ta taso, ba sai ta jira kwasarta ba. Daga Maraɗi tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Asiya.

Kammalawa

A rubuce-rubucen da ake yi kan wannan tsari, sunan Ingilishi da aka ba shi daga baya ya fi na Hausa tashe, kuma idan suna ya ɓace, asali kan bi shi. Saboda haka akwai aiki a gaban masana harsunan Nijeriya: tattara kalmomi irin su adashi, zubi, kwasa, uwar adashi, da takwarorinsu na Yarbanci da Ibo, kafin a shiga ƙirƙirar sababbi.