Tarihin Kalmar "Kanta" da Yadda Ma'anarta Ta Yaɗu

Abin da Bahaushe ya ke kira kanta shi ne wurin da fatar jiki ta yi kauri ta taurare saboda yawan guga ko danni. Ba a kwana a tashi da ita. Yaron da ya fara riƙe fartanya, bororo ne ya ke fara fito masa a tafin hannu, ya ɗuri ruwa, ya fashe, ya yi zafi. In ya daure bai bar aikin ba, sai wurin ya warke da wata fata mai tauri wadda ƙota ba ta ƙara yi mata kome. Wannan ita ce kanta.

Wajibi ne a raba ta da 'yan'uwanta, gama yara masu tasowa sukan gwama su. Kaushi bushewa ce da gautsin fata, galibi a diddige, hunturu ne ya ke tsananta shi, ana kuwa kankare shi da dutse a shafa man kaɗanya. Faso shi ne tsagewar wannan kaushin. Tabo kuwa alama ce da miki ko rauni ya bari. Kanta ita kaɗai ce aiki ya ke haifarwa, kuma tana tsaya wa mai ita kamar garkuwa. Abin lura, taurin da yawan sujada ya ke sa wa goshi, ko da ya ke danni ne ya kawo shi, an fi ce da shi tabon salla. Kamar dai harshen ya keɓe wa goshin mai ibada suna dabam don girmamawa.

A zamanin da, ana iya gane sana'ar mutum daga inda kantarsa ta ke. Manomi da maƙeri da masassaƙi a tafin hannu, matan da ke daka a gindin yatsu, mai ɗaukar ruwa da sanda a kafaɗa. Amma ba waɗanda suka san ta kamar fatake. Ayarin da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja neman goro yakan yi watanni a hanya, ya ƙetare Kwara, ya ratsa Bargu, kafin ya isa kasuwar Salaga, wadda yaƙin basasa ya watsa a 1892. 'Yan alaro suna tafe da kaya bisa gammo, da yawansu ba takalmi, har tafin ƙafa ya zama kamar ƙirgi. Dabbobin ayari ma haka, ga raƙumi da kanta a gwiwa da ƙirji inda ya ke gurfana. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 tafiyar ƙasa ta ragu, amma kanta ba ta ragu ba, wuri ta sake: ta koma kafaɗa da gadon bayan 'yan dakon da suka riƙa jibga buhunan gyaɗa har suka zama dala.

A wannan ma'ana ta farko ba zargi a cikin kalmar ko kaɗan. In dattijo ya gaisa da saurayi ya ce, "Hannun nan ya yi kanta," yabo ne, watau ya shaida ba malalaci ba ne. Wanda a ke yi wa ba'a shi ne mai hannu sumul.

To, yaya aka yi kalmar yabo ta zama ta kuka? Gama yau a jarida da rediyo an fi jin ta a magana irin wannan: "Cin hanci ya yi kanta a ma'aikatu," ko "Jahilci ya yi wa ƙauyen kanta." Ba a jin an ce gaskiya ta yi kanta, ko zumunci ya yi kanta. Waɗansu sukan ɗauka an tsallaka ne kai tsaye daga fata zuwa halin mutane. Amma akwai matakala a tsakani, ita ce maganar cikin gida. Mace takan dubi wuyan rigar yaro ko gindin tukunya ta ce, "Dauɗa ta yi kanta," watau ta taru bisa juna, ta daskare, wanki ɗaya ba ya fid da ita. A nan ne kalmar ta ɗauki ƙyama, kuma a nan ginin jimlar ya juya.

Juyin kuwa shi ne muhimmin abu. Kanta suna ce, jinsin mace, ba ta da aikatau nata, sai an jingina ta da "yi", kamar yadda a ke cewa ƙarfe ya yi tsatsa. In aka ce "hannu ya yi kanta", hannun shi ne ya sha wahala ya taurare. In aka ce "dauɗa ta yi kanta", ba a ce rigar ta yi ba. Abin da ya hau rigar shi ne ya taurare. "Cin hanci ya yi kanta" wannan gini na biyu ya bi sak: ma'aikata ita ce rigar, cin hanci shi ne dauɗar. Saboda haka ne ba a sa abin kirki a wannan gurbi. Kusan ɗaya su ke da "ya yi katutu", sai dai katutu ya fi nuna yawa da cunkushewa, kanta kuwa daɗewa da wuyar kankara. Ginin farko ma bai mutu ba a maganar hikima, don in aka ce kunnen wane ya yi kanta da faɗa, an koma ga fata ne, wadda ta sha guga har ta daina ji.

Saura maganar rubutu. A boko, kanta ta fata da "kanta" ta "ita kanta" haruffansu ɗaya ne, alhali a baki sun bambanta: ta farko wasalinta na ƙarshe dogo ne, ta biyu kuwa "kai" ce aka liƙa wa "-nta", wasalinta gajere. Ƙamus na Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 sun nuna tsawon wasali da karin sauti, amma ƙa'idar rubutun yau da kullum ba ta nuna su, tun daga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Ajami ya fi boko a nan, don mai rubuta shi yana da alif da zai ja wasalin.

Wannan kamar haruffa ce kan sa ɗalibai su so haɗa kalmar da Muhammadu Kanta na Kabi, wanda ya ɓalle daga Askiya Muhammadu na Sanwai wajen 1516 bisa rabon ganimar yaƙin Agadas, ya gina Surame. Jarumi da taurin fata sun dace a tunani, lalle. Amma dacewar haruffa ba ta isa hujjar asali ɗaya ba, balle ga shi sarakunan Kabi da suka biyo bayansa sun riƙe Kanta a matsayin sunan sarauta.