Tsakanin Titin Ahmadu Bello da Gidan Arewa

Duk lokacin da na zauna a ɗakin karatu na Gidan Arewa ina buɗa tsofaffin kwafin New Nigerian, sai in tambayi kaina: tsakanin ɗan jarida da malamin jami'a, wa ya fi aron kayan aikin ɗan'uwansa? Jaridar ta fara fita a Kaduna ranar 1 ga Janairu, 1966, mako biyu kafin kisan Sardauna. Gidan Arewa kuwa an kafa shi a 1970, a harabar gidan da Sardaunan ya zauna, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Abdullahi Smith. Malam Adamu Ciroma, wanda ya zama editan jaridar tun tana jaririya, tarihi ya karanta a Jami'ar Ibadan, kuma ina ganin wannan horo ya shiga jinin gidan.

Ƙidayar 1973 ce ta fi bayyana mini bambancin sana'o'in biyu. An ba da sanarwar cewa 'yan Nijeriya sun kusa miliyan 80, alhali a 1963 miliyan 55.6 aka samu. Ɗan jarida yana iya buga wannan adadi kafin gari ya waye, kuma bai yi ƙarya ba, tunda hukuma ce ta faɗa. Amma masanin ƙididdigar jama'a sai ya ɗauki alƙalami ya lissafa: ƙarin mutum miliyan 24 cikin shekara goma ya zarce abin da aka saba gani daga haihuwa kaɗai. Kujerun majalisa da rabon arziƙin ƙasa duk a kan wannan adadi suka rataya. A 1975 gwamnatin Janar Murtala ta soke ƙidayar baki ɗaya.

Dokta Yusufu Bala Usman shi ne ya fi kowa ƙetare wannan iyaka. Tambayoyin da yake yi wa tsohuwar takarda, wato wa ya rubuta ta, yaushe, kuma wa zai amfana, su ya kawo shafukan jarida, musamman kan yadda manya ke fakewa da addini. Ban yarda da duk hukuncinsa ba, domin a wasu wurare zafin siyasa ya rinjayi natsuwar bincike. Sai dai ya tilasta wa abokan muhawararsa su zo da hujja.

Aron bai tsaya gefe ɗaya ba. Yau ɗaliban digiri na uku ke cika teburan Gidan Arewa, suna kwafar rahotannin da wani ya rubuta cikin gaggawar dare, suna kafa hujja da su. Da wuya in ji ɗayansu ya tambayi mutum nawa wakilin ya zanta da su kafin ya rubuta cewa jama'ar gari sun goyi baya.