Manhajar kwamfuta ko na'urar gyaran sauti: abin da ya kamata masu ƙananan situdiyo su sani

A garin Bauchi, kamar a Kano da Jos, galibin waƙoƙin biki da na bege da na siyasa a ƙananan situdiyo na cikin gida ake naɗar su. Mai irin wannan situdiyo yakan yi nazari kan inda zai zuba ɗan jarinsa: na'urar gyaran sauti ta musamman, ko kuwa manhajar da ke yin aikin a cikin kwamfuta.

Menene gyaran sauti?

Shi ne duk wani ado da ake yi wa murya ko kiɗa. Manyan nau'o'insa su ne amsa-kuwwa, da maimaita sauti, da daidaita kauri da kaifin murya, da danne ƙara domin kada wani wuri ya yi tsawa wani ya nutse, sai kuma daidaita karin murya.

Asalinsu

Da farko duk na'urori ne ke wannan aiki. Na'urar amsa-kuwwa ta EMT 140 da aka ƙera a Jamus a 1957 faifan ƙarfe ce mai nauyin kusan kilo 270. A 1996 kamfanin Steinberg na Jamus ya fito da tsarin VST, wanda ya ba da damar sanya irin waɗannan ayyuka cikin kwamfuta. A 1997 kamfanin Antares na Amurka ya fitar da Auto-Tune, wadda ta shahara bayan waƙar Believe ta Cher a 1998. A ƙasar Hausa kuwa, fiyanon Yamaha PSR ne ya riƙe kiɗan finafinai tun shekarun 1990, kamar yadda binciken Farfesa Abdalla Uba Adamu ya nuna, kafin manhajoji irin su FL Studio da Cubase su mamaye fagen.

Inda manhaja ta yi zarra

Na'ura guda aiki guda take yi a lokaci guda, amma manhaja guda ana iya ɗora ta a kan muryoyi goma, gwargwadon ƙarfin kwamfuta. Tana kuma adana saiti. Idan mai biki ya dawo bayan mako guda yana neman a sauya suna a cikin waƙa, buɗe aikin kawai za a yi a tarar da komai a mazauninsa. Muryar da aka naɗa da amsa-kuwwar na'ura a jikinta ba ta rabuwa da ita.

Inda na'ura ta yi zarra

Babbar matsalar kwamfuta ita ce jinkiri. Idan tana sarrafa samfurin sauti 44,100 a daƙiƙa guda, tana kuma tara 1,024 kafin ta fitar, mawaƙi zai ji muryarsa bayan aƙalla kashi 23 cikin 1,000 na daƙiƙa, abin da ke iya rikita shi. Rage adadin zuwa 256 na mayar da jinkirin kusan kashi 6, sai dai yana ƙara wa kwamfuta nauyi. Na'ura ba ta da wannan matsala a kunne, ba ta kuma daskarewa ana tsakiyar taro, shi ya sa ta fi dacewa da majalisi da wasan dandali.

Yanayin wuri

Kwamfutar tafi-da-gidanka tana da batir, don haka ɗaukewar wuta ba ta katse aiki nan take. Na'ura kuwa tana bukatar tsayayyar wuta, kuma rashin kyakkyawar wayar ƙasa kan sa gurnani ya shiga sauti. Wutar Najeriya bolt 230 ce, saboda haka kayan gwanjo na Amurka da aka ƙera don bolt 120 kaɗai na ƙonewa idan aka jona su kai tsaye. Ƙurar hunturu tana lalata maɓallan na'ura, zafin bazara kuma yana rage saurin kwamfuta. Manhajar sata, wadda ta saɓa wa dokar haƙƙin mallaka, takan zo da ƙwayar cutar da za ta iya cinye aikin watanni.

Abin da manhaja ba ta maye gurbinsa

Makirfo da akwatin shigar da sauti cikin kwamfuta dole ne su zama na'urori, kuma ingancinsu ne tushen komai. Muryar da ta fashe tun wajen naɗi, ko wadda ƙarar janareto ta shiga cikinta, da wuya gyara ya mayar da ita daidai. Mai ƙaramin jari zai fi cin riba idan ya fara da makirfo mai kyau da ɗakin da aka lulluɓe bangonsa da soso ko labule mai kauri, sannan ya bar wa manhaja sauran aikin.